Ƙugiya a Kan Lemon Kawu

3 ga Disamba

Zuwa ga taubashiyata, Likitar Dutse,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya sanyin dutse? Ina fata kina lafiya. Mu nan lafiya lau, in aka ɗauke bayana da ke ciwo saboda zaman keken ɗinki, da kuma mahaifinki, wanda shi ne dalilin wannan takarda. Da akwai sabis a sansanin madatsar ruwan nan da kika je kika maƙale, da tuni na kira ki na zazzage miki a kunne na huta. Tunda babu, direban motar kayanku ya zama wayarmu. Ya ce sau biyu a mako yake hawowa wajenku, kuma ba zai gaji da ɗaukar mana saƙo ba.

Kawu ya samu ciwo a ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu. Shi bai ma san da shi ba, ni ce na ga tabon jini a safarsa ina wanki. Na kai shi asibiti shekaranjiya. Likita ya duba, ya gwada suga, ya ce mana a fili: in suga bai zauna ba ciwon nan ba zai warke ba, in kuwa bai warke ba, sai wuƙa. Kin san me mahaifinki yake yi a lokacin? Yana kallon wata takarda da aka manna a bango, wadda aka rubuta wa masu ciwon suga cewa su kula da ƙafarsu, amma an manta ƙugiyar harafin ƙ, ta koma “kafarsu”. Sai ya ce wa likita, “Ɗana, wace kafa za mu kula da ita, ta hanci ko ta kunne?” Shekara talatin da huɗu yana gyara kurakurai a maɗaba'a, ya yi ritaya, idonsa ya dusashe, amma har yau ƙugiyar harafi ta fi masa ƙafar da yake takawa muhimmanci.

Da muka dawo na ce bari in kakkaɓe masa ɗaki. Wallahi da na sani da na toshe hanci. Na ɗaga katifa na tarar da ledojin alewa da na biskit sun fi ashirin, wasu da sauran abu a ciki ya narke ya manne da zanin gado, kiyashi sun yi layi tun daga ƙafar gado har bakin taga. A aljihun rigarsa ta zaman gida kuma akwai guntun kek da ya kwana ya yi kore. Na fita tsakar gida ina kakarin amai, shi kuwa yana cewa na yaran maƙwabta ne. Yaran maƙwabta ne ke shiga ƙarƙashin katifarsa su ci biskit?

Ga shi hutun ƙarshen shekara ya matso. Yayanki Manaja ya aiko cewa zai zo da matarsa da 'ya'yansu huɗu su yi mako uku. Kin san yadda gidan nan yake zama: kowa ya shigo da katan ɗin lemo, kowa da kek, kowa yana cewa tsoho ya ɗan taɓa, ai sau ɗaya ne a shekara. Ni kuma wannan ne lokacin da ɗinki ke kai mini har wuya, kowace mace tana son kayanta jiya. Ba zan iya tsare shago in tsare bakin Kawu ba.

Allurar insulin ɗin dai ina yi masa, duk da har yanzu hannuna na rawa. Ki rubuto mini abin da zan yi dalla-dalla, kuma don Allah ki rubuta da kyau, ba irin rubutunku na asibiti da kaza ma za ta ƙi amsa nata ne ba. In za ki samu hutu ki zo, uban naki ne fa, ni aro aka ba ni.

Taki,
Tela

9 ga Disamba

Tela sarkin ƙorafi,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin magani. Ina lafiya, sai dai mura. Ki gaishe mini da Baba, ki ce ina kewarsa, amma ban ji daɗin labarin katifa ba. Bayanki kuma ki sa matashi a kujerar keken, shekara nawa ina faɗa miki.

Ke da kike huda yadi sau dubu a rana, wai allura guda ɗaya ce ke sa hannunki rawa. Ban san taubashiyata matsoraciya ba ce haka.

Hutu dai babu. Mu biyu ne nas a nan, abokiyar aikina ta riga ni nema, an ba ta. Ma'aikata sun fi ɗari uku a kaina ni kaɗai, rabinsu suna zuwa da raunin da suka rufe da tsumma mako guda sai ya fara wari. Na gaji da ganin ƙafa mai ruɓa, shi ya sa labarin yatsan Baba ya tsaya mini a rai. Kada ki ɗauki maganar likita wasa.

Ga abin da za ki yi. Kullum da safe ki gwada sugansa kafin ya ci komai, ki rubuta lambar a littafi. Farantinsa rabi ganye, ɗan nama ko kifi, shinkafa kamar cikin tafin hannunki, ba na Manaja ba. Ba a hana shi zama da mutane a ci tare, amma ke za ki zuba masa, kuma kofinsa ruwa. Ƙafar nan ki duba ta da idonki kowace rana, ki wanke, ki busar, ki sa sabon bandeji. Kada ki yarda da “na duba da kaina”, mutumin da ba ya jin ƙafarsa ba ya ganinta. Takalmi mai matsi haramun ne gare shi.

Abu ɗaya kuma da ba a faɗa miki ba: suga yana sauka kamar yadda yake hawa. In an yi masa allura abinci ya yi jinkiri, za ki ga hannunsa na rawa, gumi mai sanyi ya keto masa, magana ta fara harɗewa. A nan ne kaɗai lemo yake zama magani. Ki ba shi rabin kofi, ki gwada, sannan ya ci abinci.

Manaja kuwa ki karanta masa wannan takarda a gaban matarsa. Ki ce ni na ce duk wanda ya miƙa wa Baba kek, shi zai riƙe masa ƙafa ranar da za a yanka.

Rubutuna kuma ki bar shi yadda yake. Baba ya yi shekaru yana bin sa da jan biro bai gyaru ba, ba ke za ki gyara shi ba.

Taki,
Nas

16 ga Disamba

Likitar Dutse,

Gaisuwa da fatan mura ta sake ki. Kawu yana amsawa, ciwon yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ni kuwa lafiyar jiki ce kawai gare ni, raina a ɓace yake tun ranar da baƙinmu suka sauka.

Gidan nan ya koma juji. Falo ya cika da kwalabe, kujeru duk maiƙo, kek a kan talabijin, kek a kan firij, kek har a kan keken ɗinkina na gida, a kan yadin mutane. Ƙasan ɗakin cin abinci in kin taka sai takalminki ya manne. Na karanta wa Manaja takardarki kamar yadda kika ce. Ya yi dariya ya ce, “Ƙanwata ta zauna a daji ta koma soja.” Matarsa kuma ta ce ita kek ɗinta ba suga a ciki, zuma ta sa. Ta faɗa tana alfahari, kamar ta gano maganin ciwon. Na ce mata jinin Kawu bai san bambanci ba, ta ce ai ni tela ce.

Ya kawo wa Kawu tsarabar takalmi, baƙi mai sheƙi, sawu ciki, lamba ɗaya ƙasa da ƙafarsa. Na ɓoye shi a bayan kabad. Washegari na dawo daga shago na tarar da shi a ƙafar Kawu, an zaunar da shi a tsakiyar jikoki ana ɗaukar hoto.

Abin da kika faɗa kuma ya faru ranar da suka cika kwana uku. Na yi masa allurar rana na koma shago, na bar wa matar Manaja cewa ta ba shi abinci nan take. Sai ta ce a jira wasu baƙi a ci tare. Allah ya sa na manta almakashi na dawo. Na same shi a kujera ya jiƙe sharkaf da gumi, hannu na karkarwa, yana kiran sunan mahaifiyata da ta rasu. Na ba shi rabin kofin lemo, kafin minti goma sha biyar ya dawo hayyacinsa. Na gode miki da wannan, ko da yake ban so gode miki ba.

To amma tun daga ranar, kullum ƙarfe huɗu na yamma sugan Kawu yake sauka. Ba ya kuskure lokaci. Zai ɗago hannu yana kaɗa shi a gabana, ya langaɓar da kai, ya ce, “'Yar nan, abin ya motsa.” Jiya ya manta ya kaɗa hannun dama, da na juyo ya koma na hagu.

Za ki ce in gwada in gani. Da me? Takardun da ake ɗiga wa jini a sa a injin gwajin suga sun ƙare. Kwalba guda cur, wadda ya kamata ta kai mu tsakiyar watan gobe. Na dawo ran nan na tarar an mai da injin abin wasa: Manaja ya gwada, matarsa ta gwada, yara sun gwada, baƙi sun yi layi kowa na son ya ji lambarsa, ana tafi ana shewa. Audugar da suka goge jini da ita a warwatse a kan teburin da ake cin abinci, kusa da farantin nama. Ban taɓa jin ƙyamar mutane irin ta ranar ba, kuma dangina ne. Na zagaya kantunan magani huɗu, babu irin na injinmu, wai sai bayan hutu.

Saboda haka ga tambayata, ki amsa mini a taƙaice. Ba ni da abin gwaji, ba ni da tabbas ko wasa yake ko gaske. In na hana shi ya faɗi, ni ce. In na ba shi ƙafa ta lalace, ni ce. Lemon ƙarfe huɗun nan, in ci gaba ko in daina?

Taki da ta gaji,
Tela

19 ga Disamba

Tela,

Gaisuwa a gurguje, direba na danna mini ham, ga wani da ƙarfe ya faɗo wa a kafaɗa yana jira. Ina lafiya, ki gaida Baba.

Raina ya ɓaci ƙwarai da labarin takardun gwaji. Manaja zai ji daga gare ni.

Lemon ƙarfe huɗu kuwa, kara bashi har sai an samo takardun. In kin ga gumi mai sanyi irin na ran nan, ki yi abin da kika yi, sannan asibiti kai tsaye. Takalmin ki jefa shi a shara.

Sai na ji daga gare ki.
Nas

23 ga Disamba

Likitar Dutse,

Ina gaisuwa. Muna nan da rai. Kawu yana cikin farin ciki irin wanda ban ga ya yi ba tun da aka gano masa ciwon nan, kuma ke kika jawo.

Direba ya kawo takardarki ina shago, ya ba Kawu a ƙofar gida. Da na dawo na same ta a buɗe. Ya ce in yi haƙuri, ya ga rubutun 'yarsa ne ya kasa daurewa. Na karanta sau uku. Na kai ta bakin taga na sake karantawa. “Ƙara ba shi har sai an samo takardun.” To. Ni dai tela ce, kamar yadda aka tuna mini. Na yi tunanin ko kina tsoron ya sake sauka ba mu da abin aunawa, kin ga gara ya hau da ya faɗi. Amma gaskiya ban ji daɗi ba. Kusan mako biyu ina faɗa da gida guda a kan maganarki, na zama muguwa mai hana tsoho jin daɗi, sai ki juya mini baya da layi ɗaya.

Manaja ya karɓi takardar ya karanta wa kowa a falo da babbar murya, aka yi mini dariya. Matarsa ta ce, “To Malama Likita, ga likitar gaske ta yi magana.” Yanzu rabin kofi ya zama kwalba, kwalba ta zama biyu, kuma tunda an buɗe ƙofar lemo, kek ma ya bi ta ciki. Ina kallon Kawu yana lasar yatsunsa, ɓurɓushi a gemunsa, maiƙo a gaban rigarsa, mutumin da a da ko ɗigon tawada ba ya bari a hannunsa. Sai in kau da kai. Fitsari kuwa ba a magana, ya fi sau goma a yini, kiyashi sun koma banɗaki sun tare.

Takalmin na jefa a shara, matar Manaja ta tsamo shi ta goge, wai almubazzaranci.

Zan faɗa miki gaskiya a kan ƙafar. Kwana uku ke nan ban gan ta ba. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai rana ta faɗi, mata sun cika shago kowace na zagina a kan kayanta. In na ce ya cire safa sai ya ce ya wanke da kansa, ko ya ce akwai baƙi, kada in kunyata shi. Na san kin hana ni yarda da wannan. Amma kin hana ni ba shi lemo ma a da.

Direba ya ce zai yi ƙoƙari ya hawo sau ɗaya kafin su tafi hutu. In wannan ta same ki, ki yi mini bayani, don raina bai kwanta ba.

Tela

5 ga Janairu

Nas,

Ba ni da doguwar gaisuwa. Kawu yana da rai, yana asibiti, ina rubuto miki ne daga kan bencin da ke ƙofar ɗakinsu. An yanke masa yatsu biyu na ƙafar hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Likita ya ce an yi sa'a abin bai haura ba, da mun ƙara kwana uku da sai daga ƙasan gwiwa.

Yau na haɗu da direba ya ce takardata ta ƙarshe tana cikin motarsa har yanzu, bai samu hawowa ba. Saboda haka za ki karɓi biyun tare. Ki karanta waccan tukuna.

Ƙaramar 'yar Manaja ce ta fara cewa ɗakin Kaka yana warin mushen ɓera. Uwarta ta fesa turare. Kwana biyu ana fesa turare a kan wari, abin ya haɗu ya zama wani iri. Ran nan na rufe shago da rana tsaka, na bar mata suna ihu, na shiga ɗakinsa na kulle ƙofa na ce yau sai na ga ƙafar nan. Safar ta manne da naman, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Yatsun sun yi baƙi, mugunya na tsatsa. Ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce, ya ce, “Ikon Allah, ko zafi ban ji ba.” A asibiti da aka gwada sugan, injinsu ma ƙin ba da lamba ya yi.

Manaja ya tsaya har aka fito da shi daga tiyata, ya yi kuka a gaban mutane, washegari ya kwashi iyalinsa wai makaranta za ta buɗe. Sun bar mini kwalabe buhu uku da rabin kek a firij. Takalmin ma sun bar shi.

Na tsani gidan nan, na tsani warin lemo, na tsani kaina da na bar ƙafar mutum kwana da kwanaki saboda rigunan da za a sa sau ɗaya a ajiye. Laifina na ɗauka. Amma ke ma ki ɗauki naki. Ga takardarki nan na sako miki a ciki, ki duba da idonki abin da kika rubuta, sannan ki faɗa mini a wace makaranta aka koya miki haka.

Tela

10 ga Janairu

'Yar'uwata,

Na samu takardunki biyu jiya. Na rufe ɗakin magani na zauna a ƙasa na yi kuka har aka fara buga ƙofa. Ki gaishe mini da Baba. Ke kuma sannu, sannu da ɗawainiya. Kin tsare masa gwiwarsa, wannan ba zan manta miki ba. Abokiyar aikina za ta dawo ranar ashirin, ina hanya washegari.

“Kar a ba shi” na rubuta. Wallahi abin da na nufa ke nan: kar a ba shi. Ina sauri na haɗe kalmomin, kar ta manne da a, ba ta manne da shi, halin da Baba ya yi ta dukan hannuna a kansa tun ina aji uku. Da na ɗaga biro sau ɗaya na bar ɗan fili, da duk wannan bai faru ba. Wannan nawa ne, kuma zan daɗe ina jin ƙyamar hannuna.

Amma na duba takardar da kika mayar mini, a rana, sannan a ƙarƙashin fitilar da muke ɗinkin rauni. Akwai ƙugiya a kan harafin k na “kara”, gaskiyarki. Sai dai ba ni na sa ta ba.

Biron da nake rubutu da shi baƙi ne, irin wanda ake raba mana a nan, ba ni da wani. Ƙugiyar shuɗiya ce mai duhu. In ba ki kai ta haske sosai ba ba za ki lura ba, kuma mai raunin ido zai ɗauka baƙi ya ɗauko. Sannan ki tuna sauran ƙugiyoyina da ke takardar, ta ƙarfe, ta ƙwarai. Kin sha faɗa da bakinki, kamar an taka sauro suke. Wannan kuwa ta tashi daga kan harafin ta lanƙwasa a hankali ta tsaya daidai inda ya kamata, kamar a littafi. Ni ban taɓa iya yin irinta ba. Manaja ko sunansa ba ya rubutawa daidai. Mutum ɗaya na sani a duniya mai irin wannan hannu, kuma kin ce shi ya karɓi takardar a ƙofar gida.

Ban san ko fushi nake yi ba ko tausayi. Tun jiya abinci ya ƙi shiga. Ki tambaye shi, ni ba zan iya ba. Ki bari sai ya ci abinci, kuma ba a gaban mutane ba.

Taki har kullum,
Nas

16 ga Janairu

Nas, an sallamo mu, ciwon yana kamewa, an samo takardun gwaji kuma na kulle su a akwatin zarena. Na tambaye shi kamar yadda kika ce. Sai ya ce in kawo masa takarda da biro da gilashinsa na ƙara girman rubutu. Yini guda ya yi a kan abin da ke ƙasa. Ban taɓa masa ko harafi ba. Har yanzu ba na iya haɗa ido da shi, amma ina wanke masa ƙafa safe da yamma. Tela.

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Ni da sauƙi. Ina takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa.

Ni ne. Takardarki ta zo, na karanta, kuma na gane abin da kike nufi tun a karon farko. Duk ƙugiyoyinki suna wurinsu, munana amma suna nan, wannan kaɗai ce babu, don haka na san ba mantuwa ba ce. Na ga kin haɗe kalmomi, na ɗauko biro da niyyar in raba su kamar yadda na saba. Ina riƙe da biron sai na ji an buɗe kwalba a falo. Na ji ƙarar murfin, na ji yara na dariya.

Shekara shida ke nan ana zuba mini abinci a gefe. Kowa ya zo gidana ya ci abin da yake so, ni a ba ni ganye da ruwa a ce in yi haƙuri. Ban kawo wannan don ya wanke ni ba. Na kawo shi ne don ki san ba ruɗewar tsufa ba ce, da hankalina na yi. Shekara talatin da huɗu ban taɓa sa ƙugiya inda babu ita ba, ko an matsa mini. Ranar na sa, kuma har na tsaya na duba na ga ta yi kyau.

Abin da ya fi yatsun ciwo shi ne na zauna a falo ana yi wa 'yar ƙanwata dariya a kan gaskiyarta, ina shan lemo. Na bar ta ta zarge ki, na bar ki kin zargi hannunki. Na nemi gafararta jiya, ta ce ta ji, ba ta ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Ke ma ina nema.

Ki daina haɗe kalmomi, wannan har yanzu kuskure ne.

Na rubuta wata takarda da hannuna, da manyan baƙaƙe, na sa an manna ta a ƙofar firij saboda baƙin baɗi, in Allah ya kai mu. Kalma huɗu ce: kar a ba ni. Na yi ta da jan biro don kada wani ya taɓa ta ban gani ba, har da ni kaina. Tsakanin kar da a na bar fili mai faɗin yatsu biyu. Na auna.

Mahaifinki